Tseren da ba shi da layin ƙarshe: abin da ke riƙe mutane a Tokyo Xtreme Racer

A ranar 23 ga Janairun 2025 wani kamfanin Japan mai suna Genki ya saki wasan tseren motoci a dandalin sayar da wasannin kwamfuta na Steam, ya sa masa sunan da masu wasan bidiyo suka sani tun zamanin na'urar Dreamcast, wato Tokyo Xtreme Racer. In ban da ƙananan wasannin waya, rabon kamfanin da fitar da wani abu a wannan jeri tun 2006, shekara 18 da 'yan kai ke nan. Wasan ma bai kammala ba a lokacin, sai a watan Satumba cikakkensa ya fito. Duk da haka mutane suka yi masa ca, suka cika shafinsa da yabo, alhali kasuwa cike take da wasannin mota waɗanda suka fi shi kuɗi da yawan motoci da kyan hoto. A nasa wasan babu rana, babu daji, babu 'yan kallo. Dare ne da kwalta da fitilun titi, sai katangar kankare dama da hagu.

To me ya ja mutane haka? Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce kewar zamanin da: yaran da suka yi wasan a 1999 sun girma, sun sami kuɗi, suna neman ƙuruciyarsu. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta isa ba. Da yawa daga masu wasan yau ba a haife su ba lokacin da na Dreamcast ya fito, kuma ba su taɓa taka Tokyo ba. Ni a ganina sirrin yana cikin yadda aka gina wasan, musamman wata dabara guda da Genki ta ɓullo da ita, wadda har yau kusan babu wanda ya kwaikwaya da kyau.

Dabarar ita ce an cire layin ƙarshe. A yawancin wasannin tsere ana jera motoci a layi, a ƙirga uku, a zaga fili sau kaza, wanda ya riga isa shi ya ci. A nan kuwa kana fitowa ne daga gareji ka hau babbar hanya, ka shiga cikin tasi da motocin kaya kamar kowane direba. Kana tafe sai ka hango wata mota gabanka da tambarin ƙungiya a jikinta. Ka matsa bayanta, ka ƙyafta mata fitila. Wannan ƙyaftawar ita ce gayyata. Nan take sanduna biyu za su bayyana a saman allo, ɗaya taka ɗaya ta abokin karawa, irin waɗanda ake gani a wasannin faɗa. Wasan na kiran su SP, ma'aunin ƙarfin zuciyar direba. Duk wanda yake baya sandarsa za ta riƙa zubewa, kuma gwargwadon tazarar da aka ba shi gwargwadon saurin zubewar. Idan ka gogi katanga ko ka daki wata mota, wani yanki zai gutsure. Wanda tasa ta fara ƙarewa shi ya faɗi.

Wannan ɗan sauyi ya juya komai. Karawa na iya ƙarewa cikin daƙiƙa 20 idan motarka ta fi tasa nesa ba kusa ba, tana kuma iya jan minti biyar ko fiye idan kun yi kusan daidai, kana gaba yana gaba, sandunan biyu na raguwa kaɗan-kaɗan. Ba ka san inda za a ƙare ba, don haka babu wurin da za ka saki jiki. A tseren zagaye, in ka ba mutum tazara mai kyau sai ka lallaɓa har ƙarshe. A nan tazarar ce makami, dole ka ci gaba da buɗe ta, kuma garin buɗe ta ne ake yin kuskure.

Ga yadda abin yake a aikace. Kana bin wata mota ƙirar Nissan Skyline a gudun kilomita 190, sandarka ta wuce rabi a zubewa. Gaba akwai kwana mai karyawa dama, kuma wata babbar motar kaya ta tare hannun hagu. Abokin karawarka ya taka burki don ya bi ta dama. Kai kuma kana da rabin daƙiƙa ka yanke shawara: ka bi bayansa ka ci gaba da asara, ko ka jinkirta taka burki ka kutsa ta 'yar kafar da ke tsakaninsa da katanga kafin ya rufe ta. In ta yi kyau, ƙarar injinsa za ta koma bayanka, sandarsa ta fara zuba. In ba ta yi ba, katanga za ta cinye abin da ya rage maka. Sannan ga mararraba: idan hanya ta rabu biyu ka bi ɗaya ya bi ɗaya, an tashi canjaras. Mai wayo da ya ga alamar zai sha kaye yana iya sulalewa ta can da gangan ya tsira da mutuncinsa, wanda bai san hanya ba kuwa yana iya zubar da nasarar da ke hannunsa saboda ya karanta allo a makare.

Shi ya sa sanin hanyar ya fi ƙarfin inji muhimmanci, kuma hanyar ba ƙirƙirarriya ba ce. Sunanta Shuto, mutanen Japan na ce mata Shutoko, babbar hanyar birnin Tokyo da ake biyan kuɗi a hau. Sunan wasan ma a Japan Shutoko Battle ne, kuma ya faro tun 1994 a na'urar Super Famicom. Tarihin hanyar shi ke bayyana dalilin da ya sa take da daɗin tuƙi a wasa, da wahalar tuƙi a zahiri. A 1959 aka ba Tokyo damar karɓar baƙuncin gasar Olamfik ta 1964, a shekarar kuma aka kafa hukumar da za ta gina hanyar. Lokaci ya ƙure, fili a tsakiyar birni ya yi tsada, sayen gidajen mutane kuma zai ɗauki shekaru. Sai injiniyoyi suka bi filin da yake na hukuma ne tun asali: saman koguna, magudanan ruwa, tsofaffin ramukan ganuwa da saman titunan da ke akwai. An buɗe kashin farko mai kilomita 4.5 a Disamban 1962, tsakanin Kyobashi da Shibaura.

Hanyar da ta bi kogi dole ta yi lanƙwasar kogi. Zoben tsakiya da ake kira C1, wanda aka kammala a 1967, tsawonsa bai kai kilomita 15 ba, amma a cikinsa za ka hau sama tsakanin benaye, ka gangara cikin rami, ka sake fitowa. Mafi yawansa hannu biyu ne, babu wurin rakuɓewa a gefe. A Japan ta hagu ake tuƙi, hannun dama shi ne na masu sauri, amma a Shutoko akwai wuraren da mashiga da mafita suke ta daman, wato mota mai tafiyar hawainiya na iya faɗo maka daidai inda kake gudu. A kusa da Ginza hanyar ta bi ta cikin tsohon kwarin kogin Tsukiji da aka janye wa ruwa, kuma ginshiƙan tsofaffin gadoji na nan tsaye a tsakiyar kwalta, sun raba hannu biyun. Duk wanda ya yi wasan ya san ginshiƙan nan, galibi ta hanyar karo da su. Iyakar gudun da doka ta yarda a C1 kilomita 50 ce a awa, kuma wanda ya ga kwanonin zai gane dalili.

Wasan Dreamcast na 1999 wannan zoben kaɗai ya ƙunsa, ka zaga shi ta dama ko ta hagu. A takarda abin kamar talauci ne, hanya ɗaya tilo a wasan da aka saya da kuɗi. Amma maimaici shi ke haifar da sabo. Bayan dare 30 ko 40 na cikin wasa, hannunka ya san inda za a taka burki tun kafin ido ya ga kwanar, ka san ramin da kan ɓoye tasi a bayansa, ka san mahaɗar Edobashi da yadda take haɗiye wanda ya shigo ta da gaggawa. Wasannin zamani kan ba ka taswira mai faɗin gaske da kibiya tana nuna maka hanya, ka gama wasan ba ka haddace titi ko ɗaya ba. A nan wuri kaɗan ne, amma sai ya zama naka.

Na biyu, wanda ya fito a 2000, da Tokyo Xtreme Racer Zero na PlayStation 2 a 2001, sun ƙaro sauran sassa, cikinsu har da Wangan, hanyar bakin teku da ta miƙe daga Tokyo zuwa Yokohama a kan ƙasar da aka cike teku aka samar. Ita kishiyar C1 ce: faɗi, hannu uku, miƙaƙƙiya har ido ya gaji. Motar da ke cin kowa a C1 saboda sauƙin jiki da gajerun giya, in ta hau Wangan sai ta ƙure a kilomita 240 tana kuka, wata mai dogon numfashi ta wuce ta a 300. Daga nan mai wasa ke fara koyon cewa gyaran mota zaɓi ne, duk abin da ka ƙara a nan ka rage shi a can. Na uku a 2003 ya kai har Nagoya da Osaka.

Motocin kansu suna da nasu labarin, kuma shi ne rabin farin jinin wasan. A ƙarshen shekarun 1980 tattalin arzikin Japan na kan ganiyarsa, kamfanoni na zuba kuɗi a motocin gudu ba tare da ƙyashi ba. Nissan Skyline GT-R ƙirar R32 ta fito a 1989, Honda NSX a 1990, Mazda RX-7 ƙirar FD mai injin da ke juyawa maimakon fistin a 1991, Toyota Supra ta huɗu a 1993. A daidai lokacin kuma kamfanonin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba wanda zai tallata mota a cikin gida da ƙarfin doki sama da 280, yarjejeniyar da ta tsaya har 2004, ga kuma na'urar da ke datse gudu a kilomita 180. Sakamakon shi ne injuna masu ƙwari da aka ɗaure wa ƙafa tun daga masana'anta. Injin RB26 na Skyline da 2JZ na Supra suna iya ɗaukar ninkin ƙarfin da aka sayar da su da shi idan aka sauya turbo da salansa da kwamfutar inji. Masu garejin gyara suka gane haka, sana'a guda ta tashi a kai.

Wasan ya ɗauki wannan ya mayar da shi tsani. Kana farawa da kuɗi kaɗan, ka sayi mota mai araha wadda ko tasi na iya ba ta wahala. Ka ci karawa biyu uku, ka sayi salansa. Ka ƙara, ka sauya taya da burki. Kowane gyara kana jin sa a hannu, saboda ka san yadda motar take kafin a yi shi, a kan kwanar da ka bi sau ɗari. Zuwa lokacin da za ka iya sayen GT-R, kana iya jin nauyin rabuwa da tsohuwar. A wasannin farko ma Genki ba ta da lasisin kamfanonin, sai ta riƙa kiran motocin da lambar ƙirarsu, kamar yadda masu sha'awar mota ke yi a bakinsu: AE86, S13, FD3S. Abin da aka yi don dole sai ya ƙara wa wasan kamannin na 'yan gida.

Sai abokan karawa, kuma nan ne nake ganin Genki ta fi nuna basira. Ba motoci ne marasa fuska ba. Ɗaruruwa ne, kowanne da laƙabinsa da ƙungiyarsa da tambarinsa, da ɗan taƙaitaccen tarihi da za ka karanta bayan ka kayar da shi: wannan ma'aikacin ofis ne da ke huce gajiyar aiki da dare, wancan makanike ne, waccan ta gaji motar daga yayanta. Layi uku ko huɗu ne kawai, amma sun isa su sa fitilun bayan da kake bi su zama mutum. Sai ka gama da 'yan ƙungiya kaf shugabansu ke fitowa, kuma a lokacin shi ne zai zo bayanka ya ƙyafta maka fitila. Ganin hasken nan a madubi, bayan ka saba kai ke farauta, yana da wani irin tasiri da babu hoton bidiyo mai tsada da zai ba ka.

Akwai kuma 'yan ba-ruwanmu da ba sa cikin kowace ƙungiya, waɗanda wasan ke kira Wanderers. Kowanne da sharaɗinsa na fitowa: wani sai a wata rana ta musamman, wani sai kana tuƙa irin wata mota, wani sai malejinka ya kai wani adadi, wani sai ka tara kuɗi. Kafin intanet ta wadata, labarinsu a bakin masu wasa yake yawo, rabi gaskiya rabi ƙari, daidai yadda labarin direbobin dare na gaske ke yawo. Har akwai sanannen kuskure a bugun Amurka na wasan 2003, inda kuɗin da ake buƙata kafin ɗaya daga cikinsu ta bayyana ya zarce iyakar abin da wasan ke bari a tara, wanda ya sa ba a iya kai wa ƙarshensa ta halastacciyar hanya. Masoya wasan na ba da wannan labari har yau.

Daren ma yana da amfani biyu. Dreamcast na da ma'adanar aiki ta megabayit 16 kacal, ba za ta iya zana birni guda da rana tsaka ba. Duhu ya rufe abin da na'ura ba za ta iya nunawa ba, katangun hanya suka rufe saura, sai aka tattara ƙarfin a kan mota da kwalta da haske. Yau babu wannan matsi, sabon wasan da manhajar gina wasanni ta zamani, Unreal Engine 5, aka gina shi, amma an bar daren yadda yake, don ya riga ya zama jinin wasan. Fitilun rami masu ruwan lemo na wucewa a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, ƙarar inji na kumbura a cikin rami ta saki idan an fito. Mutane da yawa kan kunna wasan su yi ta zagawa ba tare da sun ƙalubalanci kowa ba.

Lokacin da ya dawo shi ma ya taimaka masa. Manyan wasannin mota na yau sun koma hidimar da ba ta ƙarewa: sai da intanet, sabon zango kowane wata, kyautar motoci masu tsada tun awa ta farko har mutum ya rasa wadda zai so. A ƙarshen Maris 2024 kamfanin wasanni na Ubisoft ya kashe na'urorin da ke ɗauke da The Crew, wasan motar da mutane suka saya da kuɗinsu ya daina aiki ɗungurungum, abin da ya tayar da gangamin masu wasa a Turai da wasu wurare. Wata goma bayan haka sai ga wasa na mutum ɗaya, mai farko da ƙarshe, wanda ba ya roƙon ka ƙara kuɗi a ciki. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana. Ƙishirwar kuma ta daɗe a fili: shekaru kafin dawowar Genki, masu sha'awa sun zauna da kansu sun sake gina Shutoko a cikin wasan Assetto Corsa, aikin da suka kira Shutoko Revival Project, kuma dubban mutane ke hawa.

Ba wai wasan ba shi da aibu ba. Maimaicin da na yaba shi ne kuma ke korar wasu, domin karawa ta ɗari biyu ba ta da bambanci sosai da ta hamsin. Yadda motar ke amsa sitiyari bai kai na wasannin kwaikwayon tuƙi na gaske ba, tana da ɗan tauri, kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Direbobin kwamfuta wani lokaci su yi wauta su daki motar kaya, wani lokaci su yi gudun da ba ka ga dalilinsa ba. Sabon wasan yana sa ka lura da zafin inji da lalacewar taya, wanda ke tilasta maka shiga wurin hutawar matafiya ka huce ka yi hira da sauran direbobi. Wannan tsari ya yi mini, saboda wuraren nan, irin Tatsumi da Daikoku, su ne ainihin dandalin masu motoci a Tokyo da Yokohama. Amma wanda ke son shiga ya yi tsere nan take zai ga ana ɓata masa lokaci.

Akwai batun da bai kamata a tsallake ba. Abin da wasan ke nunawa laifi ne a zahiri, kuma ya ci rayuka. Masu zagaya C1 da dare, waɗanda 'yan sanda da jaridun Japan ke kira ruretto-zoku, da masu gudun Wangan irin ƙungiyar Mid Night da ta yi suna a shekarun 1990, suna raba hanya ne da direban tasi da na motar kaya da ke neman abincinsu. A 2001 Japan ta shigar da laifin tuƙin ganganci mai jawo rauni ko mutuwa cikin dokarta, da hukunci mai tsanani, kuma kyamarorin kama gudu da sintiri sun rage abin sosai. Sabon wasan ya kauce wa wannan ta hanyar cewa labarinsa na faruwa ne a wata Tokyo ta nan gaba da aka killace. Ban ɗauki wannan a matsayin wayon kauce wa zargi kawai ba. Abin da mutane ke so a al'adar, wato motocin da daren da sanin hanya da girmama abokin karawa, duk ana iya samunsa a allo, inda katanga ke cin sandar SP kaɗai.

Ita kanta hanyar tana sauyawa. Gadar saman da aka ɗora a kan tsohuwar gadar Nihonbashi a 1963, wadda mutanen Tokyo suka daɗe suna kuka da ita, ana aikin mayar da ita ƙarƙashin ƙasa, kuma shirin shi ne a kwashe ta gaba ɗaya zuwa wajen 2040. A Afrilun 2025 an rufe hanyar KK da ke kewaye Ginza don a mayar da ita wurin tafiyar ƙafa, an kuma rufe reshen Yaesu na tsawon shekaru saboda aikin na Nihonbashi. Motocin shekarun 1990 su ma sun zama kayan masu tarawa, musamman tun da dokar Amurka da ke barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ta fara ba da damar shigo da su, Skyline ƙirar R34 ta shiga sahu a 2024, farashinsu ya fi ƙarfin irin matasan da suka yi tashe da su a da. Wanda ke son ya tuƙa Nissan Silvia mai araha a kan Shutoko ta shekarar 2001, da mahaɗunta da allunanta yadda suke a lokacin, sai dai ya nemi faifan Tokyo Xtreme Racer Zero.